Babi na Tara: Wa Ya Taɓa Kwalekwalen?

Daƙiƙa ɗaya ta fim hotuna 24 ce, minti biyar kuwa hotuna 7,200. Ko da mai zane ya bi dabarar da 'yan sana'ar suka saba, wato ya ɗauki kowane zane sau biyu, sai ya zana 3,600 kafin ya ga bayan aikin. Irin wannan lissafi ne ke jiran marigayi Moustapha Alassane duk lokacin da ya zauna zana kwaɗinsa. A Ndunga aka haife shi, kusa da Yamai, a 1942. Ya fara da kanikanci, sannan ya haɗu da mai shirya fim Jean Rouch, daga nan hanya ta buɗe masa zuwa Kanada wajen gwanin katun Norman McLaren. A 1965 ya fitar da La Mort de Gandji, a 1966 kuma Bon Voyage Sim, inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki aka yi masa tarba irin ta manya. Da ya zo kan Samba le Grand a 1977 sai ya koma ga 'yan tsana: a ɗan ɗaga hannun ɗan tsana, a ɗauki hoto, a ƙara ɗagawa, a sake ɗauka. A irin wannan aiki ba mai tsayawa tambayar wa ya motsa abu. In kwaɗo ya ɗaga ƙafa, mai zanen ne ya ɗaga masa ita.

Tun kafin zamaninsa manyan gidajen katun na Amurka sun raba wahalar gida biyu. Gwani ya zana muhimman tsayuwa kawai: inda tsalle ya fara, inda ya kai ƙololuwa, inda aka dira. Su ne jigogin hotuna. Yaran gida kuma su zauna su cike abin da ke tsakani. Aikin yaran nan ne wasu masu bincike biyu a Otawa, Nestor Burtnyk da Marceli Wein, suka ɗora wa kwamfuta, suka wallafa bayanin tsarinsu a 1971. Da tsarin nasu Peter Foldès ya yi fim ɗin La Faim a 1974, a ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Kanada, gidan da McLaren yake aiki, fim ɗin ya kuma ci kyauta a bikin Cannes na shekarar. Tun daga lokacin duk abin da ke cikin irin wannan fim yana da masu motsa shi biyu, hannun mai zane da lissafin na'ura. Duk wanda ya tashi rubuta wa manhaja umarnin da zai riƙa gyara jigogi da kansa, da wannan zai fara yin karo, domin manhajar tana ganin abu ya gusa amma ba ta rubuta sunan wanda ya gusar da shi.

Mu sauko Madarunfa, kudu da Maraɗi, garin da ke bakin tafkin nan da al'ada ta ce kaburburan waliyyai 99 ne ke kewaye da shi. Tun 2006 Nijar ta sa tafkin da dajin da kaburburan cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihi na duniya. Yaron da ya tashi a nan, in ya samu kwamfuta ya ce katun zai yi, da wuya fim ɗinsa na farko ya rasa ruwa da masunci a ciki. Manhajar da za ta fi zuwa masa da sauƙi ita ce Blender, don kyauta ce. Ton Roosendaal ne ya fara rubuta ta a Holan a 1994, da kamfaninsa ya durƙushe kuma masu amfani da ita suka yi karo-karon Yuro 100,000 suka fanshe ta, ta zama ta kowa a Oktoban 2002. Kada kyautar ta sa a raina ta: da ita Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya ya yi Flow, fim ɗin da ya ci Oscar na katun a 2025. Ana kuma iya rubuta mata umarni da harshen Python.

Mu ɗauka saurayinmu ya ƙera kwalekwale ya ɗora a kan ruwa. A hoto na 1 yana bakin gaɓa, sai ya danna maɓallin I, jigo ya zauna. Ya wuce zuwa hoto na 121, ya tura kwalekwalen mita 10 cikin tafki, ya sake danna I. Daƙiƙa biyar ke nan, jigogi biyu, hotuna 119 na tsakani kuma Blender ce za ta lissafa su. Yadda take yi shi ne ta ja layi mai lanƙwasa tsakanin jigogin, ya tashi a hankali, ya yi gudu a tsakiya, ya sassauta kafin ya tsaya. Layi uku ne ma, ɗaya na gaba da baya, ɗaya na dama da hagu, ɗaya na sama da ƙasa. In ka tambayi layin inda kwalekwalen yake a hoto na 61, zai ce mita 5.

Yanzu ya zo hoto na 61 ya ga kwalekwalen zai bi ta kan tarun wani masunci. Ya danna G, ya ja shi mita 2 zuwa dama, ya ga ya yi daidai. Ya matsa hoto na 62, fit, kwalekwale ya koma kan tarun kamar ba a taɓa shi ba. Kowane ɗan koyo ya sha wannan takaici. Dalilin kuwa, duk lokacin da aka sauya hoto Blender tana komawa ga layin ta sake rubuta matsayin abin, jan da aka yi da hannu ba a kafa masa jigo ba kuwa ba shi da mazauni. Akwai maɓallin da ke kafa jigo da kansa, ɗan da'irar nan da ke saman layin lokaci, kuma ga yawancin mutane ya wadatar. Sai dai saurayinmu ba sabon jigo yake so a hoto na 61 ba, domin hakan zai sa kwalekwalen ya yi kwana ya dawo. So yake in ya ja shi, hanyar duka ta gusa mita 2, jigo na farko da na ƙarshe tare, kyamara da kumfar ruwan da ke bayansa su ma su bi. Wannan sai da rubutun umarni.

Abin da kowa ke fara yi shi ne ya sa mai gadi. Blender tana riƙe da taswirar abin da ya dogara da wani: masunci ya dogara da kwalekwale, gorarsa ta dogara da hannunsa, da sauransu. Duk lokacin da ta gama sabunta wannan taswira tana kiran duk wani ɗan umarni da aka rataya a ƙugiyar da ake kira depsgraph_update_post, wadda ta zo da fitowa ta 2.80 a 2019. Tana kuma miƙa masa jerin abubuwan da suka sauya, kowanne da alamar is_updated_transform da ke cewa an sake lissafa matsayinsa ko juyinsa ko girmansa. Mai rubutu sai ya ga ai magana ta ƙare: in alamar ta tashi, a auna nisan da aka gusa daga inda yake ɗazu, a ƙara wa jigogin.

A nan ake gyaran gangar Auzinawa. Mai gadin yana tuna cewa ya bar kwalekwale a mita 5. Saurayin ya ja layin lokaci zuwa hoto na 90 don kawai ya duba yadda tafiyar take, bai taɓa komai ba. Da zarar an sake kiran mai gadi, ko don an danna wani abu daban ne, zai tarar da kwalekwalen ya yi gaba sosai, ya ɗauka hannu ne, ya ture jigogin. Ture su ɗin kuma sauyi ne, sai Blender ta sake sabunta taswira, ta sake kiransa, ya sake ganin bambanci. Cikin ƙiftawar ido kwalekwale ya fice daga tafki ya nufi iyakar Najeriya. In kuwa irin rubutun da ke kafa sabon jigo ne a duk sauyi, sai layin lokaci ya cika maƙil da ɗigon jigogi, hoto bayan hoto. Wanda wannan ya faru da shi ya koma zamanin zana hotuna ɗaya bayan ɗaya, ga shi kuma ba shi ya zaɓe su ba. Amfanin jigogi biyu shi ne in ka gyara ɗaya, tafiyar duka ta gyaru. Da jigogi 121 sai dai ka goge ka sake.

Alamar ba ƙarya take yi ba, tambayar da aka yi mata ce ba tata ba. Ja kwalekwale, masuncin da ke maƙale da shi ma zai fito a jerin waɗanda suka gusa, alhali ba wanda ya taɓa shi. Danna Ctrl da Z don a koma baya, abubuwa su gusa. Wani rubutun daban ya taɓa shi, ya gusa. A wajen alamar duk ɗaya ne.

Akwai ƙofa ta biyu da sunanta ke yaudarar mutane, wato msgbus. Da ita kana iya cewa a sanar da kai in wata ƙima ta sauya, kuma tana da halin da muke nema: ba ta motsi in lissafin jigogi ne ya kawo sauyin. Sai dai littafin jagorar Blender da kansa ya faɗa ƙarara cewa jan abu da linzami a cikin fagen aiki ma ba ya tayar da ita. Abin da take ji shi ne lambar da aka rubuta ko aka ja a cikin akwatunan gefe, da sauyin da wani rubutun Python ya yi. Masu zane kuwa da G suke aiki, ba da rubuta lamba ba. Rabin ƙofa ce, amma a riƙe ta, za ta yi rana nan gaba.

Amsar da ta fi ƙwari tana nan a fuskar kwamfutar, sai dai ba kowa ke lura ba. Danna N, akwatunan matsayi su fito a dama. A hoto na 1 da na 121 launinsu rawaya ne, alamar akwai jigo a nan. A hoto na 61 kore ne, wato layi ne ke tuƙi. Ja kwalekwalen da hannu, akwatin da ka taɓa ya rikiɗe ya koma ruwan lemo. Blender ba ta ga hannunka ba. Tambayar layin ta yi me ya kamata a gani a wannan hoto, ta duba abin da ke akwai, ta ga sun saɓa. Rubutunka ma zai iya yin haka: kowane layi yana da umarnin evaluate, ka ba shi lambar hoto ya ba ka ƙima. A daina tambayar ko kwalekwale ya bar inda yake ɗazu, a riƙa tambayar ko ya bar inda layi ya ce ya tsaya. Da wannan sauyi kaɗai ɓarnar jan layin lokaci ta kau, domin a hoto na 90 abin da layi ya faɗa da abin da ke akwai ɗaya ne. Masuncin da aka ɗauko a cikin kwalekwale shi ma ya kuɓuta, tunda matsayinsa da ake aunawa daga jikin kwalekwalen bai sauya ba. Juyawar nan marar iyaka ita ma ta mutu da kanta: da an gusar da jigogi, layi ya zo daidai da kwalekwale, kira na biyu ba zai tarar da komai ba.

Wurin yana da 'yan ƙayoyi. Kwamfuta tana ajiye waɗannan lambobi da daidaiton da bai wuce alƙaluma bakwai ba, don haka 5 ɗin da ka sani tana iya fitowa 4.9999995. In ka ce sai sun zo daidai wa daida, mai gadi zai riƙa ganin hannu inda babu. A ba shi rangwame, a ce bambancin da bai kai 0.0001 ba a kau da kai. Juyi kuma yana iya zama lambobi uku ko huɗu, gwargwadon tsarin da aka zaɓa wa abin. In an jera motsi a kan motsi, kamar tafiyar kwalekwale a ƙasa da lilon igiyar ruwa a samanta, layi ɗaya ba shi ne ke da maganar ƙarshe ba, gwajin sai ya ƙara wuya. Sannan fitowa ta 4.4, ta Maris 2025, ta sauya yadda ake ajiye layukan, saboda haka rubutun da aka kwafo daga tsohon darasi a duba shi da kyau kafin a yarda da shi.

Ko an tsallake waɗannan, saɓani da layi hujja ce kawai cewa wani abu da ba layi ba ya taɓa kwalekwalen. Biri ya yi kama da mutum, amma ba a kama hannun ba tukuna. Ga kuma matsalar lokaci, wadda a ganina ta fi duk sauran muhimmanci. Daga danna G zuwa sakin abu, mai zane yana lalube ne. Ya kai dama, ya dawo, ya wuce, ya sake dawowa. A duk gusawar linzami ana kiran mai gadi, kuma a duk kira akwai saɓani da layi. In ya yi aiki nan take, kowane lalube ya zama hukunci. Mafi muni, mai zane yana da ikon fasawa: ya danna Esc ko maɓallin dama na linzami, abu ya koma inda yake. Blender za ta mayar da kwalekwalen, amma jigogin da rubutunka ya riga ya ture ba ruwanta da su. Mutum ya ce ya fasa, aikinsa kuma ya riga ya lalace. Ban da wannan, lissafi mai nauyi a kowace gusawar linzami yana sa kwamfuta ta riƙa sanda, balle irin ta hannu da yawancin yaranmu ke saye.

Dabarar da aka fi yi ita ce a sa agogo: in an ga saɓani a jira rabin daƙiƙa, in ba a ƙara motsi ba a ɗauka an gama. Tana aiki sau da yawa, amma ba na son ta. Mai zane yakan tsaya cak da linzami a hannu yana kallon fuskar kwamfuta, yana auna ko nan ya fi ko can, kuma wannan tsayawa ita ce tsakiyar aikinsa. Agogo ba ya bambanta mai tunani da wanda ya gama. Gara a tambayi manhajar kai tsaye. Tun fitowa ta 4.2, ta Yulin 2024, akwai modal_operators, jerin ayyukan da ke gudana a wannan lokaci. In aikin ja yana ciki, hannu na kan abu, sai a dakata. Akwai kuma jerin ayyukan da aka kammala, inda sunan TRANSFORM_OT_translate ke shiga bayan an saki abu, wanda aka fasa kuwa ba ya shiga. Ga shaidar hannu ke nan, ga kuma shaidar cewa an gama. Wanda ya rubuta lamba a akwatin gefe ba zai fito a wannan jeri ba, shi msgbus ce za ta kama shi. Haɗa su uku, saɓani da layi, jerin ayyuka da saƙon akwati, ka samu mai gadin da za a iya barin sa da aikin mutane. A kuma tuna cewa Blender tana sallamar masu gadi duk lokacin da aka buɗe sabon fayil, sai wanda aka yi wa alamar persistent, rajistar msgbus ita ma sai an sabunta ta.

Duk da haka, da saurayin Madarunfa zai nemi shawarata, ce masa zan yi ya bar gadin. Dukan wahalar nan ta taso ne daga ƙoƙarin gane nufin mutum ba tare da an tambaye shi ba. Blender tana ba da damar ɗinke ayyuka biyu su zama ɗaya, kuma ita kanta haka take yi: Shift da D kwafi ne da ja aka haɗa. Sai ya ƙera nasa, ja na farko, gusar da jigogi na biyu, ya ɗaura su a wani maɓalli na daban. In ya danna G, lalube yake yi, ba abin da zai taɓa jigoginsa. In ya danna nasa maɓallin, ya faɗi nufinsa da bakinsa. Fasawa ta fasa duka biyun, Ctrl da Z ta mayar da duka biyun a taki ɗaya, kwamfuta kuma ba ta aikin komai a sauran lokaci. Wasu za su ce ai an rage armashin abin, tunda burin shi ne manhaja ta gane da kanta. Ni kuwa ina ganin jigo shawara ce ta mai zane, ita ce kaɗai abin da ya rage a hannunsa bayan kwamfuta ta karɓe cikon tsakani, kuma Moustapha Alassane, wanda ya rungumi kwamfuta a ɗakin aikinsa na Tawa kafin rasuwarsa a 2015, sunansa ya tsaya ne a kan inda ya zaɓi kwaɗinsa su tsaya da yadda za su karkace. Rubutun da zai yanke wa mai zane wannan shawara bisa zato ya shiga gonar da ba tasa ba.

Akwai inda gadin ya zama dole, misali in mutane da yawa ke aiki a fayil ɗaya kuma ba za ka iya koya wa kowa sabon maɓalli ba. To a sa masa makunni a fili, inda ido ke gani, yadda mai zane zai san ana gadinsa, ya kuma iya kashewa.

Kowace hanya ka bi, kafin ka miƙa wa wani rubutunka, koma ga kwalekwalen mai jigogi biyu, ka rubuta ƙimarsu a takarda. Ja layin lokaci gaba da baya. Kunna fim ɗin ya yi zagaye biyu. Danna G ka ja, ka tsaya jim, sannan ka fasa. Ja abu ka saki, ka danna Ctrl da Z. Ajiye fayil, rufe, sake buɗewa. Bayan duk wannan ka ƙirga jigogin ka gwada su da takardarka. In sun wuce biyu, ko lamba ɗaya ta sauya, rubutun bai isa ya shiga kwamfutar wani ba tukuna.